Ɓawon itacen kwinin: amsa ga Hajiya mai shagon kayan gashi a Aboabo

Ga tambayar kamar yadda ta zo min daga wata Hajiya a nan Kumasi: "Wani ɗan kasuwa ya kawo min garin ɓawon itace, ja-ja mai ɗacin gaske, ya ce na itacen kwinin ne da ke fitowa a kan duwatsu. Ya ce in an jiƙa an sha yana maganin maleriya har ga yara da masu ciki, in an kwaɓa da man kaɗe yana tsiro da gashi, kuma yana haska fata. Na sayi olonka biyu, wato gwangwanin awo biyu. Kafin in fara sayarwa ina son in san gaskiyar abin."

Hajiya, Allah Ya saka miki da alheri da kika tsaya tambaya kafin ki ƙulla a leda ki miƙa wa jama'a. Itacen gaskiya ne, maganin da ke cikin ɓawonsa, wato kwinin, tsohon maganin maleriya, shi ma gaskiya ne, amma kada ki sayar wa kowa wannan garin don ya sha. Maganar gashi akwai ɗan ƙamshin gaskiya a ciki, za mu zo kanta. Ta haska fata kuwa babu ita ko kaɗan.

Aikina haɗa magunguna ne, amma a gidan mai sassaƙe na tashi. Kakana yana shimfiɗa tabarmarsa a unguwar Alabar a nan Kumasi, ɗauri-ɗauri na saiwa da ɓawo jere a gabansa, kuma ina ƙarama ni nake ɗaure masa su da zaren buhu. Ina iya tuna yadda yake karya ɓawon maɗaci, ya duba launin cikinsa, ya shinshina, ya ɗanɗana a gefen harshe kafin ya yarda ya saya. Saboda haka ba na cikin masu raina maganin gargajiya. Sanin da na yi wa ɓangarorin biyu ne ya sa wannan ɓawon musamman yake ba ni tsoro a hannun wanda ba shi da ma'auni.

Sunan itacen sinkona. Asalinsa duwatsun Andis ne a Kudancin Amurka, wajen Peru da Bolibiya da Ikwado da Kolombiya, a dazuzzuka masu hazo da sanyi, galibi daga tsayin mita 1,000 zuwa 3,000. Dangin itacen kofi ne, kuma dangin tafashiyarmu ne. Mutanen Peru suna ji da shi har sun sa hotonsa a tambarin ƙasarsu. A Afirka an dasa shi a wurare masu tudu irin Dschang a Kamaru da Seredu a Gini, amma inda ya fi karɓuwa shi ne gabashin Kwango, yankin Kibu, inda kamfanin Pharmakina ke tace kwinin a garin Bukabu. Mu a Ghana ba mu da dutsen da ya kai mita 1,000, Kumasi kuwa ba ta kai ko 300 ba. To in mutumin ya ce miki daga dajin Kwahu ko na Mampong aka saro, ki san ba shi ba ne.

Nan ne matsala ta farko. Ɓawon da aka riga aka daka ya zama gari, ni kaina ba zan iya rantsuwa a kansa da ido ba. Ja da ɗaci ba shaida ba ne, maɗaci ma ja ne, ɗacinsa kuwa shi ya ba shi suna. Dogon yaro yana da ɗaci, tafashiya tana da ɗaci, itacen da Asante ke kira nyamedua yana da ɗaci, nibima ma haka, har wasu suna yi mata laƙabi da kwinin ɗin Ghana. Duk ana shan su don zazzaɓi, amma babu kwinin a cikin ko ɗaya. Kama da wane ba ta wane. Mutanenmu sun ɗauka duk abin da ya yi ɗaci ya kai maƙura to maganin maleriya ne, kuma masu talla sun san da wannan.

Amma mu ɗauka mutumin ya yi gaskiya, sinkona ce tsantsa. Har yanzu amsata ba ta canja ba, kuma tarihin itacen da kansa shi zai nuna miki dalili. Tun wajen shekarun 1630 limaman Kirista suka fara kai ɓawon Turai daga Peru, ana daka shi a zuba a ruwa ko a giya a sha. Wani ya warke, wani bai warke ba, wani kuma maganin ya kwantar da shi, domin babu wanda ya san ƙarfin abin da ke cikin kowane buhu. An yi kusan shekara 200 a haka, sai a 1820 wasu masana biyu a Faransa, Pelletier da Caventou, suka ware kwinin daga cikin ɓawon. Daga ranar aka iya ɗora shi a sikeli a ce ga adadin da mutum zai sha. Wannan awon shi ya mayar da shi maganin da ake dogaro da shi. A 1854 likita Baikie ya hau Kwara da Binuwai a jirgin ruwa yana ba mutanensa kwinin kullum, ya dawo bai rasa Bature ko ɗaya ba, alhali a tafiyar da Turawa suka yi a kan Kwara a 1841 zazzaɓi ya yi musu ɓarna sosai. Sojojin Ingila da suka shigo Kumasi a watan Fabrairun 1874, a yaƙin da Asante ke kira Sagrenti, ana raba musu kwinin a hanya. Abin yana min ciwo duk lokacin da na tuna cewa maganin da ya ceci rayuka shi ne kuma ya buɗe wa mulkin mallaka ƙofar ƙasashenmu.

Su kansu itatuwan ba ƙarfinsu ɗaya ba. Sinkona ta haura iri 20, wasu ɓawonsu kusan babu kwinin a ciki, wasu kashi 1 ko 2 cikin 100. Irin da wani ɗan asalin Bolibiya, Manuel Incra Mamani, ya tara wa Bature Charles Ledger, wanda aka sayar wa Holan a 1865 suka shuka a tsibirin Jawa, ɓawonsa yana kaiwa kashi 13. Da shi Holan ta riƙe fiye da kashi 90 na kwinin ɗin duniya, har Japan ta ƙwace tsibirin a 1942. Shi kuwa Mamani kama shi aka yi aka lakaɗa masa duka saboda fitar da irin, ya rasu a 1871.

Yanzu ki ɗauko cokali mu yi lissafi. Babban mutum da aka rubuta wa kwinin yana shan miligiram 600, wato ƙwaya biyu, duk bayan awa 8, har kwana 7. Mu ce cokalin shayi ɗaya na garinki giram 2 ne. In mai rauni ne, kashi 2 cikin 100, miligiram 40 ke cikin cokalin, sai mutum ya haɗiye cokali 15 kafin ya kai sha ɗaya. In mai ƙarfi ne, kashi 10, cokali 3 sun isa. To wanda ya saba da cokali 15 na buhun bara, bana aka kawo mai ƙarfi, ya sha ninki 5 na abin da ya kamata ke nan, kuma launin garin da ɗacinsa ba za su gaya masa ba. Ga shi kuma jiƙo da ruwa zalla ba ya fitar da sinadarin duka, abin da ya fito ya danganta da zafin ruwan da daɗewar jiƙon da laushin garin. In ya yi kaɗan, zazzaɓi ya lafa kwana biyu, ƙwayar cutar tana nan tana hayayyafa a jini. In ya yi yawa ya zama guba. Tazarar da ke tsakanin maganin kwinin da gubarsa ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ba kamar jiƙon citta ko na kanumfari ba da in ya yi yawa sai dai yaji ya dame ki.

Yadda yake aiki kuwa, ƙwayar maleriya tana shiga jajayen ƙwayoyin jini tana cin abin da ke ciki, sai ragowar abincin ya zame mata guba, ita kuma ta dunƙule shi ta ajiye gefe. Kwinin yana hana ta dunƙulewar, sai ta mutu da dattin kanta. Wannan yana buƙatar maganin ya zauna a jini daidai gwargwado dare da rana har mako guda, shi ya sa ake ƙirga awoyi.

Duk wanda ya sha kwinin a zamanin da ya san kuwwar da kunne ke yi, kamar an kifa masa ƙwarya a kai. Wannan da jiri da tashin zuciya da ciwon kai suna zuwa ko da an sha daidai. In ya zarce, gani yana dushewa, wani ya makance, bugun zuciya ya rikice, kuma ƙwayoyi kaɗan na babba suna iya kashe ƙaramin yaro. A ɓawon akwai wani ɗan'uwan kwinin mai suna kwinidin, wanda likitoci suka daɗe suna amfani da shi wajen daidaita bugun zuciya. Ki duba, wanda ya sha jiƙon ya sha maganin zuciya bai sani ba. Dattijon da ke kan digoksin, wani maganin zuciya, ko wafarin, mai hana jini daskarewa, haɗa su da wannan hatsari ne babba. Akwai kuma masu ƙarancin G6PD, wani sinadari da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, kuma suna da yawa a cikinmu, galibi ba su ma san suna da shi ba. Irinsu da wasu ma da ba su da shi, kwinin yana iya farfasa musu jini, fitsari ya koma kalar ruwan shayi mai kauri ko ya yi baƙi, ƙoda ta shiga wahala.

Maganar masu ciki ita ta fi tayar min da hankali a cikin tallan mutumin. Kwinin yana sa jiki ya saki insulin, sinadarin da ke rage sikarin jini, da yawa, sikari ya faɗi, kuma mai ciki ta fi kowa saurin faɗawa wannan. Wani dare ina bakin aiki a wani asibiti, akwai wata yarinya mai cikin wata bakwai da aka ɗaura wa ƙarin ruwa da kwinin a ciki. Da magariba tana hira da uwarta. Can wajen ƙarfe biyu sai gumi ya jiƙe mata ɗankwali, hannu yana karkarwa, magana ta sarƙe, uwar tana ta tofa mata addu'a tana cewa iska ce. Nas ta huda mata yatsa ta auna, sikari ya yi ƙasa sosai. Aka tura mata gulukos ta jijiya, ba a yi minti goma ba ta buɗe ido tana neman ruwa. Wannan fa da awo aka ba ta, ga ma'aikata a kanta. Ki kwatanta da wadda ta sha jiƙo a ɗaki a unguwar Sawaba ko Asawase, mijin yana kan hanyar Tamale da mota. Tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko a watanni ukun farko na ciki, ƙwayar maganin haɗi mai suna atemita-lumefantirin ce zaɓin farko ga maleriyar da ba ta yi tsanani ba. Kwinin ya koma na ko-ta-kwana, kuma likita ne ke yanke wannan.

Ga yara ma an wuce wurin, kuma Kumasi tana da hannu a ciki. A 2010 aka fitar da sakamakon wani babban bincike mai suna AQUAMAT da aka yi kan yara 5,425 masu maleriya mai tsanani a ƙasashen Afirka 9, asibitin Komfo Anokye na nan Kumasi yana cikin wuraren da aka yi shi. Cikin waɗanda aka yi wa allurar kwinin kashi 10.9 suka rasu, cikin waɗanda aka yi wa allurar wani maganin maleriya mai suna atesunet kashi 8.5. Daga nan atesunet ya zama na gaba. To in tataccen kwinin na asibiti ya koma baya, ina ga garin da ba a san ƙarfinsa ba? Ghana ta bar kulorokwin tun 2004 ta koma magungunan haɗi masu atemisinin, waɗanda su ma daga ganyen wani tsiro na ƙasar Sin suka samo asali. Yaro in jikinsa ya yi zafi, a huda yatsa a yi gwaji, minti 15 zuwa 20 an san matsaya, domin ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba. In yana amai ba ya riƙe komai, ko yana jijjiga, ko ya yi laushi ba ya iya zama, ko tafin hannunsa ya yi fari, asibiti za a nufa a daren, ba a jira gari ya waye.

Sauran amfanin shan sa ba su da yawa. A Turai ana sa ɗan kaɗan a magungunan buɗe ciki, domin ɗaci yana tsinka miyau ya motsa sha'awar abinci. An daɗe ana ba tsofaffi kwinin don ɗaurewar jijiyar ƙafa da dare, amma hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2006 da 2010 cewa hatsarin ya fi amfanin. Lemon tonik da ake sayarwa a kanti akwai kwinin a ciki, sai dai a Amurka doka ba ta yarda ya wuce miligiram 83 a lita ba. Sai mutum ya shanye fiye da lita 7 kafin ya kai sha ɗaya na magani, don haka abin sha ne kawai.

Mu dawo kan sana'arki. Sa kwinin a kayan gashi tsohon abu ne. Tun ƙarni na 19 gidan Pinaud a Faransa ke sayar da ruwan kwinin na shafa wa kai, kuma har yau kamfanin Klorane yana da shamfu mai kwinin. Ɓawon yana da sinadarin da ke ɗaure fata, irin wanda ke sa baki ya yi bauri in an tauna goro ko bagaruwa. Shi ke rage maiƙon fatar kai, mutum ya ji kansa ya yi sakayau, gashi ya ɗan yi tauri a hannu. Da wannan dalilin aka riƙa sa shi a garin goge haƙori don dasashi. Iya nan na yarda. Amma cewa yana tsiro da gashi inda ya zube, ko ya mayar da sanƙo baya, ba shi da hujja irin ta minoksidil, maganin shafawa na zubewar gashi, wanda aka gwada a kan dubban mutane. Kuma ko a kai ba a barin sa sakaka. Dokar Tarayyar Turai ta ƙayyade kashi 0.5 cikin 100 a shamfun da ake wankewa, kashi 0.2 a ruwan da ake bari a kai. Dalili shi ne wasu fatarsu ba ta jituwa da shi, sai ƙaiƙayi da ƙuraje, wasu kuma in rana ta doke wurin sai ya yi kamar ƙuna. Ki lura kuma, yawancin irin waɗannan ruwan da sifirit, wato sinadarin barasa, ake haɗa su domin shi ke fitar da sinadarin, kuma sifirit yana busar da irin gashinmu ya sa shi karyewa. In kika kwaɓa garin da man kaɗe, laushin da mai saye za ta ji aikin man kaɗen ne, garin kuwa zai maƙale mata a tushen gashi.

Matan da ke zuwa shagonki suna kukan gaban goshi ya cinye, ki fara duba kitsonsu. Yawanci jan da ake yi ne, ƙananan kitso masu tsauri, ƙarin gashi mai nauyi, gam ɗin hular gashi, da man miƙar da gashi da ake bari ya daɗe har ya ci fata. Na ga yarinya 'yar shekara 6 da aka yi wa kitson sallah, gefen goshinta ya yi ƙananan ƙuraje jere kamar gero, ko gira ba ta iya saukewa. Irin wannan in aka sassauta da wuri gashi yana dawowa, in aka shekara ana yi tushen ya mutu, babu ɓawon da zai tashe shi. Mai jego da gashinta ke zuba wata uku ko huɗu bayan haihuwa, ki kwantar mata da hankali, yana komawa da kansa. Wadda ke yawan gajiya da jiri ta je a auna jininta. Makero a kan yaro kuwa maganin sha yake so na makonni, shafe-shafe kaɗai ba ya kashe shi. Wadda duk da haka take son kayan kwinin, ki sayar mata wanda kamfani ya haɗa mai lambar rajista, ki ce ta fara shafa kaɗan a bayan kunne ta jira kwana biyu. Mai ciki da wadda ta taɓa samun matsala da kwinin su bar shi.

Haska fata kuma, ina jin sunaye ne suka rikita mutane ko aka rikita su da gangan. Akwai haidurokwinon, sinadarin bilicin, wanda sunansa ya samo asali daga wani abu da aka fara samu a ɓawon sinkona, amma shi da kwinin hanyarsu daban, aikinsu daban. Hukumar Abinci da Magunguna ta Ghana ta hana shigo da man shafawa mai haidurokwinon tun 2016. Kwinin ba ya haska kowa. In kika ga man da aka ce na ɓawon kwinin ne ya sa mace ta yi fari cikin mako biyu, to an zuba wani abu a ciki ba a faɗa ba, ko haidurokwinon, ko sitiroyid, wani magani mai ƙarfi na rage kumburi, ko makuri, ƙarfe mai guba da ke lalata ƙoda.

Game da olonka biyun da ke hannunki, ki ɗaure su ki ɗaga sama inda yara ba sa kaiwa. Ki kira mutumin ki tambaye shi ƙasar da aka kawo shi, da cikakken sunan itacen, da takardar gwajin da ta nuna kashi nawa na kwinin ke ciki, da lambar rajistar Hukumar Abinci da Magunguna. Dokar Lafiyar Jama'a ta 2012 ta wajabta rajistar magani da kayan shafa kafin a sayar, har da na gargajiya, kuma in wani ya sha ya faɗi, ƙofar shagonki za a zo, ba tasa ba. In kina son sanin ainihin abin da aka sayar miki, ki ɗebi kaɗan a kwalba mai tsabta ki kai sashen haɗa magunguna na KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta nan Kumasi, wadda ke koyar da maganin tsirrai tun 2001, ko cibiyar binciken maganin tsirrai ta Mampong Akuapem da Dokta Oku Ampofo ya assasa, wadda ke aiki tun 1975. In kuma mutumin ya fara kame-kame da kika nemi takarda, ki mayar masa da kayansa ki karɓi kuɗinki, sannan ki sanar da sauran matan layinku, domin da wuya a ce ke kaɗai ya kai wa.